Daga Karar Wudil Zuwa Kwantena: Yadda Ake Shiga Cinikin Daskararren Naman Tumaki Daga Kano

Bayan Umrar azumi wani uban gidana da ke harkar yadi a Kantin Kwari ya aiko a kira ni. Na same shi a shago, muka gaisa, sai ya sa hannu a aljihu ya zaro wata 'yar takarda da ta sha ninki. Tambarin jikin kwalin nama ne, ya ɓamɓaro shi a bayan wani gidan abinci a Jidda. Naman rago ne daga Ostireliya. Ya ce, "Malam, kai da ka daɗe a harkar ɗakin sanyi, gaya mini, mu da muke da Wudil da Maigatari a ƙofar gida, me ya hana kwalin nan ya fito daga Kano?" Na ce, "Alhaji, amsar tana hannunka, mu karanta takardar."

Abin da ke jikinta bai fi layi takwas ba: sunan ƙasa, lambar mayanka, hatimin halal, ranar yanka, ranar ƙarewar wa'adi, sunan gaɓar da ke ciki, nauyi, sai umarnin a ajiye a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. Kowane layi aiki ne, wani na mako guda, wani na shekaru. Ragon kansa shi ne mafi sauƙin samu a cikinsu. Bayanin da na yi masa a ranar shi ne na faɗaɗa a nan.

Da farko, san waɗanda za ka tarar a kasuwar

Wannan ciniki ya tsufa. A watan Fabrairun 1882 wani jirgin ruwa mai suna Dunedin ya tashi daga Niyu Zilan ɗauke da feɗaɗɗun tumaki kusan 5,000 a daskare, ya isa Landan bayan kwana 98, kuma guda ɗaya tak aka ƙi. Tun daga nan Niyu Zilan da maƙwabciyarta Ostireliya suka riƙe kasuwar, har yau su biyun ne ke fitar da mafi yawan naman tumakin da ke tsallaka iyaka a duniya. Babbar mai saye ita ce ƙasar Sin, sai Amurka, Ingila, Faransa, Malesiya da ƙasashen Larabawa na yankin Gulf.

Kowa da gaɓar da yake so. Sinawa suna kwasar ƙirji da haƙarƙari masu araha, Ingila cinya take nema, Amurka gadon baya. Larabawa kuwa sun fi son ƙaramin rago cikakke, matashi, marar tarin kitse. Shi ya sa manyan 'yan kasuwar ba su cika sayar da rago a matsayin rago ba. Rarraba shi suke yi, kowace gaɓa ta tafi ƙasar da ta fi biya.

A Afirka ma akwai waɗanda suka riga mu. Sudan da Somaliya suna tura tumaki a raye zuwa Saudiyya, Habasha kuma tana da mayankai a garin Mojo da ke tura nama mai sanyi ta jirgin sama zuwa Dubai da Saudiyya. Alhazanmu ma sun taɓa shiga wannan harka ba su sani ba, domin tun 1983 Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ke kula da shirin naman hadaya, inda ake daskarar da abin da ya yi saura a raba wa mabuƙata a ƙasashe da dama. Wani abin lura kuma, a 2024 Ostireliya ta yi dokar daina fitar da tumaki masu rai ta teku daga 1 ga Mayun 2028. Masu sayen da suka saba da ita za su ƙara karkata ga nama, ko su nemi wata ƙofar.

Ta ina cinikin yake tafiya?

Waje zai fita, ba ciki zai shigo ba. A jerin kayan da hukumar kwastan ta Najeriya ta haramta shigo da su akwai nama mai lamba daga 0201 zuwa 0204, kuma 0204 ita ce lambar naman tumaki da awaki a tsarin kwastan na duniya. Duk wanda ya zo maka da zancen zai kawo maka kwantenar naman rago mai araha daga waje ta Kwatano, fasa-ƙwauri yake tallata maka, ka sallame shi da girma da arziki.

Ka haddace lambobinka tun yanzu, don da su za a yi maka magana: 0204.30 cikakken ɗan rago a daskare, 0204.41 cikakken babban rago ko tunkiya, 0204.42 gaɓoɓi masu ƙashi, 0204.43 tsoka zalla.

Layin farko: sunan ƙasa

A nan yawancin mafarkin yake tsayawa, don haka kada ka kashe ko sisi kafin ka gama da shi. Ƙasar da za ta ci nama ba kamfaninka take fara dubawa ba, lafiyar dabbobin ƙasarku take dubawa. Cututtuka biyu ne suka fi tsaya mana a maƙogwaro: boru, wato ciwon baki da kofato, da kuma cutar nan ta tumaki da awaki mai zuwa da majina da zawo wadda likitoci ke kira PPR. Dukansu suna nan a Najeriya. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana yin rigakafin PPR, kuma hukumomin duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke burin kawar da ita, amma a yau tana nan.

Mutane suna zaton ƙanƙara tana kashe cuta. Ba ta kashe ƙwayar boru, adana ta ma take yi, musamman a cikin ɓargo da kaluluwa. Dalilin da ya sa wasu ƙasashe ba sa karɓar nama mai ƙashi daga inda cutar take ke nan. Tarayyar Turai da Amurka suna karɓar ɗanyen nama ne kawai daga ƙasashen da suka sa a jerinsu, kuma Najeriya ba ta ciki, saboda haka ka cire su daga lissafi. Kuma kada ka ɗauka Larabawa suna wasa da wannan batu don ana 'yan'uwan addini. Lokacin da zazzaɓin Rift Valley, wata cuta mai kama dabbobi da mutane, ya ɓulla a Saudiyya a shekarar 2000, ta rufe ƙofa ga dabbobin Somaliya, ba ta buɗe ba sai 2009.

Abin yi a aikace shi ne ka zaɓi ƙasa ɗaya, ba yanki ba. Ka sami ɗan kasuwa a can mai lasisin shigo da nama, ka ce ya karɓo maka sharuɗɗan hukumarsu a rubuce: shin suna karɓar naman tumaki daga Najeriya, mai ƙashi ko marar ƙashi, kuma da wace irin takardar likita. A Saudiyya hukumar abinci da magunguna, SFDA, ita ke da wuƙa da nama a kan wannan. Da wannan takarda za ka tunkari ofishin babban likitan dabbobi na ƙasa a Abuja, domin yarjejeniyar lafiyar dabbobi tsakanin gwamnati da gwamnati ake ƙulla ta. Tun Yulin 2024 akwai ma'aikatar tarayya ta bunƙasa kiwo, ita ma ƙofa ce ta ƙwanƙwasawa. In amsar ƙasar ta zama a'a, ka juya ga maƙwabtanmu na gaɓar teku a yammaci da tsakiyar Afirka, inda yanayin cututtukan ya yi kama da namu kuma otal-otal da manyan kantuna suke sayen daskararren nama daga nesa.

Layi na biyu da na uku: lambar mayanka da hatimin halal

Lambar da ke jikin kwalin Alhaji shaida ce cewa masu duba na gwamnati sun shiga wannan mayanka sun amince da ita, kuma in an sami matsala a kwali ɗaya za a iya bin sawu har ranar da aka yi yankan. Mayankar da muka saba da ita don kasuwar gari aka yi ta: a yanka da asuba, kafin azahar nama ya shiga tukunya. Mahautanmu gwanaye ne, wanda ya taɓa tsayawa a Abbatuwa ya ga yadda ake feɗe rago cikin 'yan mintuna fata ba ta huje ba ya san haka. Amma tsarin fitarwa wani abu daban yake nema.

Ana rataye dabba tun daga yanka har ɗakin sanyi, nama ba ya taɓa ƙasa. Ɓangaren fata da tumbi a rabe yake da ɓangaren nama, kuma ma'aikacin wancan ba ya ƙetarowa wannan. Akwai ruwan zafi mai digiri 82 na tsoma wuƙa. Likita yana duba dabba kafin yanka, ya sake duba huhu da hanta da kaluluwa bayan yanka. Ruwan da ake amfani da shi an kai shi ɗakin gwaji. Sannan komai a rubuce, bisa tsarin da ake kira HACCP, wanda taƙaitaccen bayaninsa shi ne ka gano wuraren da nama zai iya gurɓata, ka sa wa kowanne iyaka, ka riƙa aunawa, ka ajiye shaidar ka auna. Mai duba daga waje yakan fara da littafin sanyi na watannin baya kafin ya leƙa ɗakin.

Shawarata ga mai farawa, kada ka gina mayanka. Ka nemi wadda ta riga ta kai wannan matsayi ko take kusa, ka yi yarjejeniyar a riƙa yi maka yanka kana biya kan kowane kai. Gini da injuna sukan cinye jarin mutum tun bai sayar da kilo ɗaya ba.

Zancen halal shi ne ya fi ba Alhaji haushi. Ya ce, "Yanzu mu za a tambaya takardar halal?" Na ce ƙwarai kuwa. Jami'in tashar Jidda bai san Sarkin Fawa ba, hatimi ya sani. Ƙasashen Gulf suna da ƙa'idar yanka mai lamba GSO 993, kuma kowace ƙasa tana da jerin hukumomin halal da ta yarda da hatiminsu. Ka tambayi mai sayenka wace hukuma ce ƙasarsa ta amince da ita kafin ka biya kowa kuɗin shaida, in ba haka ba ka sayi takarda mai kyan gani da ba ta buɗe ƙofa.

Ragon da kansa, da lissafin da ke karya gwiwa

A kara, ido da hannu ake ciniki. Dillali ya dafa gadon baya, ya matsa gindin wutsiya, ya buɗe baki, sai a shiga "albarka" da "sallama". Kuɗin Balami fari tas mai ƙaho da tsayi ya haɗa da kyansa, saboda mai layya kyau yake saye. Mai sayen kwantena kuwa kilo yake biya, bai ga ƙahon ba balle launin gashi. Don haka kayan aikinka na farko sikeli ne, kuma ragonka shi ne Uda ko 'Yankasa matsakaici da mai neman na Sallah zai wuce bai waiwaya ba.

Ka duba haƙora. Wanda bai yi famfara ba, wato haƙoransa na gaba duk na nono ne, shi ake lissafawa ɗan rago a kasuwar duniya, kuma ya fi tsada. Da manyan haƙora biyun farko sun fito, wajen shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ya tashi daga wannan aji. Kada ka cakuɗa su a kwali ɗaya, mai saye zai biya ka duka a farashin tsoho.

Ga lissafin. Rago mai kilo 40 a raye, in an cire jini da fata da kai da ƙafa da kayan ciki, yakan bar kilo 18 zuwa 19, kuma zai ƙara raguwa kaɗan a ɗakin sanyi saboda tsanewa. A ce, don misali kawai, ka saye shi naira 200,000. In kilo 18 ya bari, kilo ɗaya ya tashi sama da 11,000 tun ba a sa la'ada, mota, ladan yanka, gas ɗin janareta, kwali da kuɗin jirgi ba. In ka sayar da fata da kai da ƙafa da kayan ciki a kan, a ce, 30,000, kilo ya sauko wajen 9,400. Ka ga ke nan waɗannan tarkace da ake rainawa su ne sukan raba riba da faɗuwa. A nan Kano ta yi sa'a: masu jima suna Challawa da Sharaɗa, masu farfesu da 'yan balangu suna kowace unguwa. Ka ƙulla da su tun kafin ranar yanka, don kayan ciki ba sa jiran gobe. Fatar kuma a gida za ka sayar, domin ɗanyar fata tana cikin kayan da aka hana fitarwa.

Sai ka mayar da kuɗin kilonka dala, ka ajiye shi kusa da farashin da mai sayenka yake biya a kan naman Ostireliya ko na Habasha. In naka ya fi tsada, kuma sau da yawa haka za ka tarar in ka yi sayayya gab da Babbar Sallah, to dabara ta rage ga lokaci. Ka saya bayan Sallah lokacin da kara ta yi sanyi, ka turke ƙanana da harawa da dusa na wata biyu ko uku, ka yanka, ka daskarar, ka sayar lokacin da buƙata ta tashi wajen azumi. Amfanin ƙanƙara ke nan a wannan sana'a.

Adadin ma abin dubawa ne. Tan 20 na nama, in kowane rago kilo 18 ne, raguna sama da 1,100 ke nan, masu kusan girma ɗaya. Ba za ka haɗa su a Juma'a ɗaya a Wudil ba tare da ka tayar da farashi a kanka ba. Sai ka bi kasuwanni, Maigatari ranar Alhamis, Wudil Juma'a, Dambatta Lahadi, kana tarawa a hankali. Ka kuma tuna cewa kaso mai yawa na ragunan kasuwannin iyaka daga Nijar suke shigowa, kuma a 2025 gab da Sallah gwamnatin can ta dakatar da fitar da dabbobi. Wanda ya sa hannu a kan alƙawarin kwantena duk wata ba shi da garken da ya dogara da shi, ya ɗaura wa kansa igiya.

Akwai wani amfanin turkewa da ya fi ƙiba. Masu kiwo suna yawan yi wa dabba allurar kashe ƙwayoyin cuta da maganin tsutsa gab da kai ta kasuwa don ta yi sheƙi. Kowane magani yana da kwanakin jira a rubuce a jikin kwalbarsa, kuma in an yanka kafin su cika, gwaji a tashar can zai nuna ragowarsa a ƙi kwantenar gaba ɗaya. Dabbar da ta yi wata biyu a hannunka, da lamba a kunne da littafin abin da aka ba ta, ita kaɗai za ka iya rantsuwa a kanta.

Daga wuƙa zuwa digiri 18

Ka bar dabbobi su huta su sha ruwa bayan sauka daga mota, kwana ɗaya ya isa. Ragon da aka yanka a galabaice namansa yakan yi duhu kuma ba ya daɗewa.

Kuskuren da kusan kowane sabon shiga yake yi shi ne jefa nama mai ɗumi kai tsaye cikin injin daskarewa, wai don kada ya lalace. Tsokar da aka sanyaya da gaggawa kafin ta gama sandarewa takan ƙanƙance, ta yi tauri irin wanda dahuwa ba ta gyarawa, kuma rago ya fi sa saurin kamuwa da wannan saboda ƙanƙantarsa. Ƙa'idar da masana nama suke bi ita ce kada cikin tsoka ya sauka ƙasa da digiri 10 a cikin awa 10 na farko. Saboda haka ɗaki biyu ne. Na farko ɗakin sanyaya, inda feɗaɗɗun raguna za su kwana a rataye, ba sa taɓa juna, har tsakiyar cinya ta sauka digiri 7 ko ƙasa. Ma'aunin da ake sokawa cikin nama shi ne alƙali, ba agogon jikin bango ba.

Washegari a yanka gaɓoɓi in haka aka yi ciniki, a sa a leda, a jera a kwali. In cikakken rago ne, a sa masa leda a ɗora farin yadi mai talewa. Sai ɗaki na biyu, mai busa iska mai sanyin digiri 30 zuwa 40 ƙasa da sifili, har tsakiyar nama ta kai 18 ƙasa da sifili. Saurin nan yana da dalili. Daskarewa a hankali, irin ta firizar gida, tana haifar da manyan ƙwayoyin ƙanƙara da ke farfasa tsoka, in an narke sai ruwan naman ya tsiyaye ya bar shi kamar soso. Daga nan a mayar da shi ɗakin ajiya, inda zai iya yin shekara guda lafiya muddin sanyin bai yi ta hawa da sauka ba.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne jarrabawar Kano. Janareta biyu kake buƙata, ba ɗaya ba, da wanda zai kwana yana rubuta sanyi. Kuɗin gas kuma ka sa shi a lissafin kilo tun farko.

A tambarin kwali, in ƙasar Larabawa za shi, a rubuta da Larabci, kuma ranar yanka ta dace da wadda ke cikin takardar likita da ta halal harafi da harafi. Masu saye da yawa suna gindaya cewa kada kaya su iso bayan sun cinye kaso mai yawa na wa'adinsu, ka karanta wannan sharaɗi da kyau.

Takardun gida

Waɗannan ba su da wuya, jeri ne kawai. Rajistar kamfani a CAC, sai rajistar mai fitar da kaya a hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, NEPC. A bankinka za ka buɗe fom ɗin NXP na kowace fita, ka biya harajin duba kaya na NESS, wanda yake rabin kashi ɗaya cikin ɗari na darajar kayan. Wakilan duba kaya su ba ka takardar shaidarsu. Hukumar killace kayan gona, NAQS, tana duba duk abin da ya shafi dabba a mashigar ƙasa, takardar lafiyar dabbobi ta ƙasa da ƙasa kuma daga likitocin gwamnatin tarayya take fitowa. Ka leƙa NAFDAC game da kayan da aka sa a kwali, ka karɓi shaidar asalin kaya ta hannun cibiyar 'yan kasuwa. Kuɗin cinikin dole su dawo asusunka na gida cikin kwana 180, dokar Babban Banki ce. Ka ɗauki wakilin kwastan da ya taɓa fitar da kayan sanyi, ba wanda ya ƙware a riɗi da zoɓo kaɗai ba, domin buhun riɗi zai iya jiran sa hannu mako guda a rana.

Hanya

Tsakanin Kano da tashoshin Legas akwai tafiyar kusan kilomita 1,000. Tashar tsandauri ta Dala da ke Zawaciki, wadda aka ƙaddamar a Janairun 2023, tana ba da damar a yi aikin kwastan a gida, amma kafin ka kai kwantenar sanyi kowace tasha ka je da ƙafarka ka ga inda za a jona ta da wuta.

Kwantenar sanyi ba ta daskarar da nama, riƙe sanyin da ya zo da shi take yi. A loda shi yana kan digiri 18 ƙasa da sifili, da sauri, a rufe ƙofar shan iska, kada kwali ya wuce jan layin da ke jikin bango don iska ta zagaya. Tirelar ta kasance da nata janareta. A cikin kayan kuma ka ɓoye 'yar na'urar nan mai rubuta sanyi awa bayan awa, guda biyu, ɗaya gaba ɗaya kusa da ƙofa.

Na koyi darajarta da kuɗina. Na taɓa tura nama kudu a motar haya, aka sauke kwalaye daskararru kamar dutse, amma mai karɓa ya buɗe ɗaya ya kira ni a waya. A ƙasan ledar akwai ƙanƙara ja-ja, kwance a gefe guda, kwalin kuma ya yi laushi ya sake bushewa. Alamar nama ya narke ya sake daskarewa ke nan. Direba ya rantse injin bai tsaya ba. Daga baya yaron motar ya gaya wa yarona cewa a wajen Lokoja sun kashe shi dare guda don a rage shan gas. Ba ni da shaida, ni na ci asarar. Tun daga ranar nake ba direba kuɗin gas daban, kuma ina nuna masa na'urar kafin ya tayar da mota.

Akwai hanyar sama ta filin jirgin Malam Aminu Kano, amma kuɗinta ba ya barin riba a daskararren nama. Ta fi dacewa da nama mai sanyi wanda ba a daskarar ba, irin na Habashawa, mai tsada a kasuwa amma 'yan kwanaki kaɗai yake yi. Jinkirin jirgi na kwana biyu ya isa ya cinye shi.

Kuɗi

Kai da mai saye ku fayyace a rubuce inda nauyin kaya yake tashi daga wuyanka. A sharaɗin FOB naka ya ƙare da an ɗora kaya a jirgi, a CIF kai ne za ka biya jirgi da inshora har tashar can. Ga mai farawa, gajeren nauyi ya fi. Biyan kuɗi kuwa, ko dai a ba ka kaso mai tsoka tun gaba, ko mai saye ya buɗe maka takardar lamunin banki wadda wani bankin da ka yarda da shi ya tabbatar. Ka sani banki takarda yake biya, ba nama ba, kuskuren harafi ɗaya a sunan kamfani yana iya tsayar da kuɗinka. Wanda ya ce ka turo tukuna in ya sayar zai biya, ka tuna ba za ka iya dawo da kayan ba, kuma ya san haka.

A inshora ka nemi ta daskararren nama takamaimai, ka karanta ƙananan rubutun. Da yawa ba sa biyan lalacewar sanyi sai in injin ya tsaya awa 24 a jere, kuma ka tabbata ta haɗa da tafiyar mota daga Kano, ba daga bakin teku kaɗai ba.

Inda na ce wa Alhaji ya fara

Da na kai nan sai ya ninke takardarsa ya ce, "To Malam, a haƙura ke nan?" Na ce a'a, a fara da raguna 20. A saye su a kan sikeli, a sa musu lamba, a turke, a yanka bisa duk ƙa'idar nan kamar Jidda za su, a yi musu tambari mai layi takwas, a sa na'urar sanyi, a tura wa otal ko babban kanti a Abuja ko Legas. A maimaita duk wata har sau shida. A ƙarshe zai san ainihin kuɗin kilonsa, zai san direban da ke kashe inji, kuma zai sami littafin sanyi na wata shida da zai ajiye a gaban mai duba. A cikin waɗannan watanni ne kuma wasiƙarsa za ta riƙa yawo tsakanin Abuja da hukumar ƙasar da ya zaɓa.

Ya kira yaronsa ya ce a nemo sikelin da zai ɗauki rago a tsaye, sannan ya tambaye ni ko Juma'a mai zuwa ina da sarari mu leƙa Wudil.